Duram Ɗin Hagu

Taya ta fita ba gardama. Duram ɗin birki ne ya kafe, ya ce sai dai a kwana a nan.

Bakaniken yana durƙushe a garejin gidan, gumi na ɗiga daga gemunsa mai furfura. Motar na tsaye kan jak. Irin ta da ce, mai dogon hanci da ƙarfe mai kauri, wadda in ta wuce a titi har masu sabbin motoci sai sun waiwaya. Fitilarta ɗaya a fashe take, kuma fashewar ba ta yi sati ba.

Mai motar na tsaye a kansa, dogon tsoho, cikin rigar fita, makulli a hannu.

"Malam, ka hanzarta. An kusa tashin 'yan makaranta, kuma Auta ba ya son jira. Da ya ga kowa ya watse sai kuka."

"Yanzu-yanzu, Baba."

Ƙarya yake yi. Ba gyara ya kawo shi ba, buhun da ya ɓoye ƙarƙashin benci shi ne shaida. Batir ana saye, fulogi ana saye, makulli ma ana yankawa. Amma duram ɗin wannan mota, tukunyar ƙarfen nan da taya ke ɗaure a jikinta, ka zaga kasuwa har takalminka ya cinye ba za ka samu ba. Dominsa ya zo, kuma ba zai fita ba sai da shi.

Ya ɓalle murfin giris, ya zare fil, ya ɗora sifana kan babban notin. Maimakon ya juya yadda kowa ke kwance noti, sai ya juya ta ɗaya ɓarin. Notin ya saki.

Tsohon ya ɗaga gira. "Na hagun nan a baibai yake. Duk wanda ya taɓa shi sai ya nemi tsinke min shi. Wa ya koya maka?"

"Wani maigidana ne, tun ina yaro."

"Ya iya aiki."

Bakaniken ya ciro boris, zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kai, ya ajiye kan tsumma. Ya rungumi duram ɗin da hannu biyu ya ja. Ya ɗan motsa, sai ya cije. Lainin birkin, wanda ke matse duram ɗin in an taka, ya ci rami a ciki ya maƙale. Ko waiwayawa bai yi ba ya miƙa hannu bayan ƙofa, ya sauko da guduma daga kan ƙusa, ya bubbuga gefe-gefe. Tsatsa ta zubo, duram bai ce uffan ba.

Tsohon ya duba agogonsa, ya sake dubawa.

"Bar shi. Mayar min da noti da tayata, haka zan tafi."

Bakaniken ya yi kamar bai ji ba. Saura dabara ɗaya: ya sassauta lainin ta ɗan ramin da ke baya. Ya kwanta rigingine, ya cusa kai da kafaɗa ƙarƙashin motar, ya zura sukudireba yana laluben haƙoran ɗan ƙarfen da ke ɗaure birki. Ƙaramin yatsansa na dama a karkace yake, ba ya lanƙwasuwa, kullum shi ke ba shi wahala a matsattsen wuri.

Haƙori ɗaya ya juya. Na biyu ya ƙi.

Daga inda yake kwance ya ga takalman tsohon sun matso. Ya ga taya ta mirgino. Sai ya ji ƙarar da duk bakanike ke tsoro: an kama hannun jak.

"Baba, ina ƙasa."

"To fito mana. Yaro na can cikin rana, kai kana min wasa da hankali."

Motar ta ɗan sauko. Ƙarfe mai sanyi ya taɓa masa ƙirji. Tsoro ya kama shi sosai, amma bai janye ba, don ya san in ya fito hannu rabbana, motar nan sai ta hau titi. Ya dafe sukudireban da tafin hannu ya danna da duk ƙarfinsa. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Ya zame ya fito, ya cafki duram ɗin, ya fizgo. Ya taho gaba ɗaya har ya zaunar da shi a ƙasa.

Ya leƙa cikinsa. Sumul yake, ko tsaga babu.

"Ya tsage, Baba. Sai na kai shi an duba."

Kafin tsohon ya miƙo hannu, duram ya shige buhu, an ɗaure baki.

Tsohon ya daɗe yana kallon sandar da taya ke zama, tsirara, ba abin da za a ɗaura mata. Sai ya zauna kan tayar, duk tsawon nan nasa ya tattare wuri ɗaya.

"To Auta fa? Hannunsa ma bai warke ba. Ƙofar motar nan ce ta datse masa yatsa, ni na rufe ban gani ba."

"An aika a ɗauko shi. Yana lafiya."

Bakaniken ya saɓa buhun ya fita da sauri. Bai taɓa yin aikin da ya tsana kamar wannan ba.

A bakin ƙofar kicin matar tsohon ke tsaye, ta daɗe tana jira. Ta dubi buhun, ta sauke ajiyar zuciya.

"Wancan satin katangar maƙwabta ya daka da ita," ta ce a hankali. "Gobe ɗan wani ne. Makarantar ma da aka rushe tun yaushe."

Ta kama hannunsa, ta goge giris daga karkataccen yatsan da bakin zanenta.

"Je ka wanke fuska, Auta, ka zo ka ci abinci tare da shi. Wataƙila yau ya gane ka."