Sunan da Inna Take Kiransa

Sautin bidiyo da dariyar ƙanensa suka tsallako katanga, nan take ya gane ana shan datarsa.

Shi ya ja katangar nan bayan rabon gado, ya tsaga gidansu na Basirka biyu, ko gaisuwa ba ta ƙetarawa. Tsohuwar rautar da ke ba shi intanet kuwa a gwanjo ya samo ta a Birnin Kudu, ya sa mata layi, ya ɗaure ta a kan dogon gora don ta kamo sabis. Mai haɗawa ya gargaɗe shi cewa wayfay bai san katanga ba.

Shi kuwa ya nuna sashen ƙanen ya ce, "In wancan ya ɗanɗana, shege nake."

Sai ya kulle ta da kalmar sirrin da ba mai canka: sunan da marigayiya Inna take kiransa da shi saboda kunyar ɗan fari. Ko matarsa ba ta taɓa jin sa ba.

Yanzu da ya ji dariyar, sai ya taka turmi ya leƙa ta kan katangar.

"Kai ɓarawo, wa ya ba ka?"

Ƙanen ko ɗagowa bai yi ba.

"Yaya, ka raba gida, ka raba gona. Uwa ce ta gagare ka rabawa."