Aradun Akwati Na Sha Bakwai

Ranar Talata ma aradu ta faɗi sau ɗari biyu da goma a akwati na sha bakwai, alhali ko ɗigon gajimare babu a sama.

Auta ta zuba wa kwamfuta ido. Aikinta a ofishin hasashen yanayi ba shi da wuyar bayani. An yayyanka taswirar gari akwati-akwati, an kafa ƙananan na'urori a kan rufin gidaje, manhaja kuma tana tara yawan aradun da ta faɗi a kowane akwati. Na'urorin ba sa ganin walƙiya, tartsatsin wutarta suke ji. Ita ta kawo shawarar, ita aka damƙa wa aikin. Abin kunyar shi ne na'urar akwati na sha bakwai a kan rufin gidansu take, ita ta ɗaure ta da hannunta a jikin wata gora mai lilo, don ofis ya ƙi sayen sandar ƙarfe.

Darakta bai ja zance ba. In ba ta gyara lissafin nan kafin taron hukuma ba, za a karɓe aikin a ba wani.

Wanin nan kuwa ba ɓoyayye ba ne. Dogo ne, mai teburin da ke bayanta, wanda ya nemi aikin bai samu ba, kuma shi kaɗai ne ban da ita yake da izinin shiga manhajar. Kullum da safe sai ya leƙo da kofin shayi a hannu. "Malama, yaya aradunki yau?" Yana faɗa yana murmushi, ita kuwa murmushin nan yana ƙona mata rai.

Sai ta fara lura. Aradun ba ta soma faɗuwa sai an buɗe ofis, tana kuma ɗaukewa kafin a tashi. Asabar da Lahadi shiru kake ji. Da rana tsaka takan huta, daidai lokacin da Dogo ke fita cin abinci. Ranar da aka ɗauke wuta a duk gari, kwamfutar Dogo ta wuni a kashe, aradu ma ta wuni tana barci. Auta ta jinjina kai. Ba ta taɓa ganin aradu mai bin dokar aikin gwamnati ba.

Da yamma takan hau rufi ta duba na'urar, ta tarar lafiyarta ƙalau. Ta sauko tana mitar gorar nan kamar yadda ta saba tun ranar da ta kafa ta. Baba yana zaune a tsakar gida da baƙin tabarau yana jin ta. Rabin ƙofofi da tagogin ƙarfe na unguwar shi ya haɗa su, amma tun da ido ɗaya ya tafi aka yi wa ɗayan aiki, likita ya ce ya ajiye sana'a in yana son ya ci gaba da ganin 'ya'yansa. Kwanan nan idon yana yawan zubar da ruwa. Umma ta ce hayaƙin girki ne. Hannun rigarsa ya yi ƙananan huji, Umma ta ce ɓeraye sun addabe su.

"Auta, ki bar sa wa ranki damuwa," in ji Baba. "Komai zai tsaya daidai."

Ta wuce ɗakinta. Hankalinta yana kan Dogo.

Washegari ta shiga ofishin Darakta ta zayyana komai, lokaci bayan lokaci, ba ta rage ba. Aka kira Dogo. Ya saurara har ta gama, murmushin ya bar fuskarsa. "Ni kike zargi?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Aka cire masa izinin shiga manhajar, aka ce ya zauna a gida har a gama bincike. Da ya zo kwashe kayansa babu wanda ya iya ɗaga kai.

Gari ya waye, teburin Dogo babu kowa, aradu ta ci gaba da faɗuwa a akwati na sha bakwai.

Wato daga gidansa Dogo yake shiga manhajar, ya san wata ɓarauniyar hanya. Haushi ya turnuƙe ta. Dabara ɗaya ta rage: ta je ta cire na'urar gaba ɗaya. In lissafi ya ci gaba da hawa babu na'ura, ko makaho ya san hannun mutum ne. Ta ɗauki kwamfutarta ta fita da hantsi, lokacin da ba ta taɓa komawa gida ba.

Umma ce ta buɗe ƙofa. Tana ganinta ta daburce, ta tare hanya, ta shiga tambayarta ko ba ta da lafiya ne, da murya mai ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Kujerar Baba tana tsakar gida babu kowa a kai. Auta ta raɓa ta wuce, ta hau rufi, ta buɗe kwamfutar kusa da gorar.

Lissafin aradu yana kan tamanin da ɗaya. Wata ƙara ta taso daga bayan gida, shuɗin haske ya haska katanga. Tamanin da biyu. Hasken ya sake haskawa. Tamanin da uku.

Ta taka a hankali zuwa bakin rufin ta leƙa ƙasa. Baba ne durƙushe da injin waldarsa, ya kara fuska dab da wutar don idon da ya rage ya gani, yana haɗa mata sandar ƙarfen da za ta maye gurbin gora.