Injin Niƙan da Layinsa Ya Ɓace

Malam Sagir, na karanta takardar da ka aiko. Mutumin da kuka ɗauko ya taɓa saitin sabar ɗinku, wato na'urar da shafin rajistar ɗalibai ke zaune a kanta, kuma ga shi a rubuce: shafin da a da sai ya yi daƙiƙa shida kafin ya amsa, yanzu ko ɗaya ba ya cikawa. Bai ƙara na'ura ba, bai sauya komai a cikin shafin ba, kuma yini ɗaya ya ishe shi. Kana so in ce ka sa hannu kafin a buɗe rajista ranar Litinin. Labari ya yi daɗi. Amma ɗan ajiye biron, in ba ka wani misali.

An yi wata mata mai injin niƙa a wani gari, injin nan shi kaɗai ne a unguwar. Kullum layi har bakin hanya: mai kwano, mai daro, mai buhu, kowa da mitarsa. Da mitar ta ishe ta, sai ta ɗauko wani mutum da aka ce ya san sirrin inji, ta ce abu ɗaya take so, a rage jira. Cikin kwana uku layi ya ɓace. Duk wadda ta fito da gari a ka, in an tambaye ta, sai ta ce ko zama ba ta yi ba aka sallame ta. Maƙwabta suka yi ta taya mai inji murna, ita ma ta amsa, don ba a ƙin amsa barka. Sai dai akwai abubuwan da suka ƙi kwanta mata a rai. Ba ta ga ranar da ya kwance injin ba. Bel ɗin nan dai shi ne, da ɗinkinsa. Kukan injin bai sauya ba, tarin da yake yi in an tashe shi ma yana nan. Sannan ga awakinta, waɗanda tun tasowarsu sharar garin da ke zuba a ƙasa suke ci: sun fara nuna haƙarƙari. Ta ce a ranta, inji ya ƙara sauri, awaki sun rame, lallai ɗaya daga cikinsu yana ɓoye wani abu, kuma akuya ba ta iya munafunci ba.

Ranar kasuwa sai ta ƙi zama inda ta saba, wato ƙofar da masu gari ke fita. Ta ɗauki tabarma ta koma gindin wata bishiya a kan hanyar shigowa. Nan ta ga sirrin injin. Mutumin yana tsaye a bakin hanya. In mai ɗan kwano ce, sai ya ce mata bismilla. In mai daro ko buhu ce kuwa, sai ya gaishe ta da ladabi, ya ce inji ya ɗau zafi, a dawo anjima. Wadda ta shiga layi ta ɗan jima, ya raɗa mata cewa sai gobe. Masu tuwon sayarwa, masu waina, da 'yan gidan biki da ke jiran baƙi, duk ta ga ƙeyarsu sun nufi ƙetaren rafi, inda wani sabon inji ya fara kuka. Ta kira shi ta tambaya. Ya ce, "Hajiya, jira kika ce a rage. Nuna mini mai jira." Ta duba, babu. Ƙarya dai bai yi mata ba. Ta sallame shi da girmamawar da ta dace da mai gaskiya irinsa, ta sa aka wasa haƙoran inji aka sauya bel. Layi ya dawo, ɗan gajere. Masu tuwon ba su dawo ba.

To, ban ce mutuminku haka ya yi ba, ban san shi ba, wataƙila waliyyi ne. Na dai san cewa cikin saitin sabar akwai wurin da ake faɗa mata tsawon lokacin da za ta yi haƙuri da mai buƙata kafin ta yanke shi, da girman kayan da za ta yarda ta karɓa. In aka mai da daƙiƙa talatin ta koma biyu, sauri zai zo nan take, don wanda aka yanke ba ya shiga lissafin waɗanda aka amsa wa. Masu buhu a wurinku su ne ɗaliban da za su ɗora hotunan takardunsu daga ƙauye, da sabis mai zuwa yana komawa. Ba za su kawo ƙara ofishinka ba. Za su ɗauka laifin wayarsu ne, har ranar rufewa ta wuce su.

Akwai wani layi a shafi na uku na takardar da ya fi burge ni, inda ya ce yanzu sabar ba ta ko ɗaukar zafi, rabin ƙarfinta ma a kwance yake. Awakin ke nan: niƙa ya ragu, shi ya sa suka rame.

Saboda haka kafin Litinin ka koma gindin bishiya. Kada ka tambaye shi cikin daƙiƙa nawa ake amsawa, wannan ya riga ya faɗa har sau huɗu. Ka ce ya nuna maka mutum nawa suka ƙwanƙwasa, mutum nawa aka buɗe wa, da inda sauran suka shiga. In lissafin ya cika, ka sa hannu, ka kuma gaishe mini da shi. In ya fara yi maka dogon bayani, ka tuna abin da magabata suka ce: banza ba ta kai zomo kasuwa.