Tsarabar Shekara Goma Sha Ɗaya

Lawwali, tun ɗazu nake jin ka kana cewa ba za ka je Gusau wurin Yaya Saude hannu rabbana ba, sai ka haɗa abin da zai wanke maka fuska bayan maganar da ta shiga tsakaninku. Gyara zama, ni baffanka in ba ka misalin wani abu da na gani da idona, shekarar da masaƙa ta tura mu Jamus koyon gyaran inji.

Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa. Mutanen can suna da wata al'ada. Idan sanyi ya wuce, itatuwa suka fara 'ya'ya, sai a fito da wata randa mai murfi a wanke ta tas. Ɗan itacen da ya fara nuna shi ake fara zubawa, a bi shi da sukari kamar rabin nauyinsa, a kwarara masa wata barasa mai ƙarfi da ake yi da rake, suna ce mata ram, har ta shanye kansa. Sai a kifa faranti a danne, don duk wanda ya taso ya sha iska zai yi fumfuna. Wani ya nuna bayan wata guda, a ƙara. Haka ake bin shekara hawa-hawa har inabi ya zo, sannan a rufe sai gab da Kirsimeti. Ta san ba na kusantar abin, saboda haka takan ware mini nawa a kwano tun yana ɗanye.

Tsohuwar nan tana da yaya mace a wani gari, tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa. Randar ta uwarsu ce, kuma a kanta suka ɓata. Ranar da aka kwashe kayan marigayiya, ƙanwar ta ɗauke ta ba tare da ta tambayi kowa ba, yayar kuwa ta kira ta ɓarauniya a gaban dangi. Daga nan babu waya, babu wasiƙa. Abin ya dame ta, don a ranta ta san ita ta fara. Sai ta ƙudura za ta je ta ba da haƙuri, amma ba da fatar baki kawai ba: za ta cika kwalba da abin randar nan, mai ɗanɗano irin na hannun uwarsu, ta ajiye a gaban yayarta. Shekarar farko ta buɗe, ta ɗanɗana, ta ce sukari ya yi yawa, yayarta za ta taɓe baki. Ta biyu ruwan sama ya yi yawa, 'ya'yan itacen suka fito lami. Ta uku komai ya yi daidai, har ta sayi tikiti, sai ta ga ai ba a zuwa gidan mutane ana tsakiyar biki, ta bari sai an watse, aka watse kuma ta ga lokacin abin ya wuce. Kowace shekara takan cika kwalba ɗaya, ta manna takarda, ta rubuta sunan yayarta, ta kai ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida. Da kanta ta nuna mini su a jere a kan katako, guda goma sha ɗaya, jawur, babu wadda ta lalace. Ta ce mini ta bana ce za ta tafi.

Ba a kai ga buɗe randar bana ba, wata safiya mai kawo wasiƙa ya kawo kati mai baƙin layi a gefe, irin na sanarwar mutuwa. Yayar ta rasu. Tsohuwa ta sa baƙaƙen kaya, ta naɗe kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya a jarida, ta jera a jaka, ta hau jirgin da ta yi shekara goma sha ɗaya tana jin kukansa ta bayan gidanta. Bayan an dawo daga maƙabarta ta ja 'yar marigayiya gefe, ta buɗe jakar, ta ce duk na uwarki ne, ban taɓa mantawa da ita ba. Matar ta dubi kwalaben, ta dube ta.

"Inna, shekara shida ke nan uwata ba ta sa sukari a bakinta ba. Ciwon sukari ya ci ƙafarta ɗaya, daga baya ya ci idonta. Kowa a garin nan ya sani. Da ta daina gani, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ta tambaye ni ko ke ce. Ki koma da kayanki."

Da la'asar ta dawo da jakar kamar yadda ta tafi da ita, nauyinta ya yi mata kanta a hannu. Ta ajiye ta a bayan ƙofa, ta zauna a kujerar kicin ko takalmi ba ta cire ba. Har na gama wata huɗun da suka rage mini na baro ƙasar, jakar tana nan inda ta ajiye ta, kullum sai mun kewaye ta kafin mu fita.

Shi ya sa Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.