Hular Kwano

Ɗiyata ta karanta labarinta a wani gidan rediyo na Arlit. Ni na ba ta shawara tun farko: "Bar ƙawata mutane. Rubuta su yadda kika gan su."

Labarin wani tsoho ne da aka rufe ramin uraniyum ɗinsu, amma kullum da safe yakan sa hular kwano, ya tsaya bakin hanya yana jiran motar ma'aikata da ta daina zuwa.

A majalisar shayi na ji shi. Ba wanda ya dube ni. Hular tana kan gwiwata.

A gida na ce, "Koma ki gaya musu ƙirƙira kika yi."

Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ba zan faɗa ba."