Inda Sabis Yake Zama

"Sauko daga kan kujerar nan, Injiniya, kar ki karye," in ji Baba.

Ban sauko ba. Ni Tabita, mai digiri a kwamfuta, akwatin wayfai ba zai kunyata ni a unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi ba. Gobe za a yi mini intabiyun aiki ta bidiyo, ga sabis ɗin gidanmu sai ya zo ya ɗauke. Na ɗora akwatin kan wadrob, na rataye shi a taga, na kafa masa murfin tukunya a baya. Duk a banza. Dole na tare a falo, ina jure labaran Baba na zamanin soja, don nan kaɗai sabis ɗin yake kamawa.

Washegari ana tsakiyar intabiyu, komai sumul, Baba ya miƙe zai je Tarauni gaida abokinsa. Yana kaiwa ƙofa hoton ya daskare.

"Wayyo, aikina!"

Ya dawo da sauri. Hoton ma ya dawo. Sai na hangi wata fitila tana ƙiftawa a aljihun rigarsa.

Da na gama, ya zaro 'yar ƙaramar na'urar wayfai daga aljihun.

"Tun da kika gama makaranta kika kulle kanki a ɗaki. Shi ne na sa aka mayar da layin cikin wannan. Wancan da kike ta hawa sama da shi, fitila kawai yake kunnawa."

"Haba Baba!"

"Zauna in ƙarasa miki labarin jiya. Ko in tashi?"