Bencina a Gidan Mai Ƙararrawa

Tunda kai aka ɗora wa aikin gyaran majami'a bana, zauna in ba ka wani misali kafin ka kira kafinta. A wani ƙauye na bakin Binuwai akwai ikilisiyar Lutheran da ke da wani tsoho mai buga ƙararrawa. Ƙararrawar ma ba ta a zo a gani ba ce, tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a reshen darbejiya, amma shekara talatin tsohon nan bai taɓa makara ba. Sai ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, ya kwanta. A watan farko gidansa kamar kasuwa, daga nan ƙafa ta fara ɗaukewa, har ta ɗauke ɗungurungum. Kada ka ce sun manta da shi. Kowace Lahadi sai an kira sunansa a addu'ar marasa lafiya, jama'a su amsa da Amin mai ƙarfi, a tashi kowa ya wuce ta ƙofar gidansa da sauri kada tuwo ya huce. Shi kuwa yana kwance yana jin wani na buga masa ƙarfensa, abu ɗaya na cin ransa: kada ya bar duniya bai sake zama cikin 'yan'uwa ana waƙa ba. Haka aka yi shekara biyu.

Ana nan sai gara ta cinye katakon rufin majami'a, dole aka sauke kwano gaba ɗaya, ga shi kuma tsakiyar bazara. Inuwar darbejiya ba ta ishi ko mawaƙa ba, kuma duk garin babu inuwar da ta kai ta mangwaron gidan tsohon. Dattawa suka nemi izini wurin matarsa. Ta amince, amma ba ta gaya masa ba, don kada ta sa masa rai a banza. To, a garin nan abu ɗaya ne ke shigar da bencinan majami'a gidan mutum: makoki. Safiyar Lahadi tsoho ya hango bencina ta ƙofar ɗaki suna shigowa a kan kawunan mutane, gabansa ya faɗi, ya tambayi matarsa wa ya rasu. Ta ce babu kowa, sujada aka zo yi. Da babban dattijon ikilisiya ya leƙo gaishe shi, sai ya ce, "Ni na ɗauka sai ranar da aka fita da ni bencinan nan za su shigo gidana." Dattijon ya rasa inda zai sa idonsa, don ya san sarai inuwa ce ta kawo su. Aka ɗauko tsoho da gadonsa aka ajiye a gaba. Shugabar zumuntar mata ta ɗaga waƙa, sai jama'a suka karɓe ta. Shi kuma yana buga gefen gado da hannunsa mai lafiya, hawaye na gangarawa cikin kunnensa, yana murna ba ya ɓoyewa.

Mako shida suka yi a ƙarƙashin mangwaron. Da aka gama rufi aka kwashe bencina, sai dattijon ya ce a bar ɗaya, kuma shi ya fara zama a kai. Tun daga ranar bencin bai huta ba: mai dawowa daga gona, mai zuwa rijiya, har da kafintan da ya yi rufin. Da kaka tsohon ya rasu. Da aka kawo bencinan makoki, suka tarar da ɗan'uwansu yana jiran su, katakonsa har sheƙi yake don yawan zama.

Saboda haka ka gyara rufi da kyau, ka sa kwano mai kauri. Amma ran da aka karanta sunan mara lafiya, ka tambayi kanka yaushe rabonka da ƙofar gidansa. Masu iya magana sun ce, zumunci a ƙafa yake.